Tarihin Fasaha ko Manufofin Al'adu: Wanne Ɗan Kaduna Zai Yi wa Digirin Bincike?

Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, ana cikin sallar La'asar, wani sashe na rufin babban Masallacin Juma'a na Zariya ya rufta kan masallata. An yi asarar rayuka, Allah ya jiƙansu da rahama. Da aka gama zaman makoki, tambayoyi iri biyu suka rage wa duk mai kishin wannan gini. Ta farko ita ce, wane irin gini ne wannan? Da wace dabara Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaure bakan gizonsa tun zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, har azara da ƙasa suka riƙe wannan nauyi kusan shekara ɗari biyu? Me ya raba hannunsa da na maginan Kano ko Katsina na zamaninsa? Tambaya ta biyu kuma ita ce, a wuyan wa alhakin kula da irin wannan gini yake? Masarauta ce, ko jiha, ko hukumar gidajen tarihi ta tarayya? Wace doka ta ce a riƙa duba azara kafin gara ta cinye ta, kuma a wane layi na kasafin kuɗi aka rubuta kuɗin dubawar?

Wanda tambayar farko ta fi hana shi barci, tarihin fasaha ne ke kiransa. Wanda kuwa ta biyu ta fi tsaya masa a rai, nazarin manufofin al'adu ne gidansa. Da wannan misali na fara amsa wa 'yar ƙanwata, wadda ta karanta Tarihi a digirin farko, ta gama hidimar ƙasa, ta same ni a gida a Unguwar Rimi da takardu biyu a hannu. "Kawu," in ji ta, "ina son abin da ya shafi kayan tarihinmu, amma na rasa ƙofar da zan shiga." Na san ba ita kaɗai ce a wannan mararraba ba, shi ya sa na ga ya dace in shimfiɗa abin da na gaya mata, in ƙara da abin da ban samu damar faɗa ba a ranar.

Kafin a shiga bambancinsu, akwai abin da ya haɗa su. Digirin bincike ba zaman aji ba ne. Bayan 'yan darussan shekarar farko, kai ne da kundinka da malamin da ke duba aikinka. A takarda, digiri na biyu kusan shekara biyu ne, na uku kuma shekara uku zuwa sama. A zahiri, duk wanda ya ga yajin aikin malaman jami'a na wata tara a 2020 da na wata takwas a 2022 ya san lissafin takarda daban, na rayuwa daban. Saboda haka tambayar gaskiya ba ita ce wanne ya fi daɗin suna ba. Tambayar ita ce, da wane irin abu za ka iya zama shekara huɗu ko biyar ba tare da ka tsane shi ba: da kaya da masu yin su, ko da takardu da masu sa hannu a kansu?

Bari in fara da tarihin fasaha, don shi aka fi yi wa gurguwar fahimta a wajenmu. Mutane da yawa sun ɗauka koyon zane ne. Ba haka ba ne, za ka iya zama gwani a fannin ba ka taɓa riƙe buroshi ba. Abin da ake horarwa shi ne ido, sai kuma alƙalamin da zai faɗi abin da idon ya gani. A ɗauki babbar riga guda ɗaya, ta saƙi ko ta tsamiya, mai aska takwas. Mai tarihin fasaha zai shimfiɗa ta, ya ƙirga ƙwaryar saƙar da aka harhaɗa, ya duba ko zaren na gida ne ko na kanti, ya bi aikin allurar daga wuya zuwa aljihu, ya lura da inda hannun mai zana fasalin ya ƙare da inda na mai ɗinki ya fara, don galibi ba mutum ɗaya ba ne. Daga nan sai ya tambaya: wannan salon na Zariya ne, ko na Bida, ko na Kano? A wane zamani aka fi yayinsa? Wa ke da ikon sa irinta, kuma wane sarki ya ba wa wane malami ko barde ita a matsayin tukuici? Riga ɗaya tana iya buɗe maka tarihin kasuwanci da sarauta da malanta na Daular Usmaniyya. Haka allon zayyana na mai saukar Alƙur'ani yake, haka zanen ƙwarya, haka aikin dukawa a jikin sirdi da gafaka, haka adon makuba a fuskar soraye.

A nan ɗan Kaduna yana zaune ne a kan taska. Tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci ce zuwa Samaru, inda sashen koyar da zane na Jami'ar Ahmadu Bello yake, sashen da ya girmi ita kanta jami'ar, domin an dawo da shi Zariya daga Ibadan a 1955, jami'ar kuwa sai 1962 aka kafa ta. A wannan sashe ne a 1958 wasu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya, suka ce ba za su zauna suna kwaikwayon Turawa kawai ba, sai sun gauraya abin da aka koya musu da abin da suka gada a gida. Duk inda ake koyar da tarihin zanen zamani na Afirka a duniya, sai an ambaci Zariya saboda su. Amma na lura da wani giɓi da har yau bai cike ba: yawancin waɗancan ɗalibai 'yan Kudu ne, kuma an yi rubutu mai yawa a kansu. Masu zanen da suka taso daga Arewa bayansu, da masu zanen bango da na jikin manyan motoci, da masu rubuta allunan shaguna a Tudun Wada da Kasuwar Barci, kaɗan ne aka bi diddigin aikinsu.

Idan ka nufi kudancin jihar kuma, ga Nok a ƙaramar hukumar Jaba. A 1928 masu haƙar kuza suka fara tono mutum-mutumin gasasshen yumɓu a can, a shekarun 1940 wani Baturen Ingila mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, ya gane cewa aikin wata al'umma ce guda mai daɗaɗɗen tarihi, ya kuma buɗe gidan tarihi na Jos a 1952. Masu bincike daga Jami'ar Frankfurt ta Jamus da suka yi aiki tare da hukumar gidajen tarihi ta Najeriya tun 2005 sun nuna cewa tushen wannan al'umma ya kai kimanin shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi. A cikin gari kuwa, ga Kakuri: masaƙar Kaduna Textiles (KTL) da ta fara aiki a 1957, da masaƙun UNTL da Arewa Textiles da suka biyo baya a shekarun 1960. An yi rubutu kan tattalin arzikinsu da durƙushewarsu, amma su waye suka riƙa zana fasalin atamfofin da iyayenmu mata suka ɗaura? Tsofaffin ma'aikatan ɗakin zane suna nan da ransu a Kakuri da Makera da Nasarawa, wasunsu da guntayen samfur a akwati. Shekara goma nan gaba ba lallai a same su ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, idan ka je neman abin da aka rubuta kan fasahar Hausawa, sunayen da za ka fara cin karo da su na baƙi ne. David Heathcote, wanda ya koyar a Zariya, shi ya yi zurfi kan aikin allura na rigunanmu, ya kuma shirya baje kolin fasahar Hausawa a Landan a 1976. J. C. Moughtin ya fitar da littafi kan ginin Hausa a 1985. Z. R. Dmochowski, mutumin Polan, ya auna gine-ginenmu ɗaya bayan ɗaya, kuma ta dalilin aikinsa ne aka gina kwaikwayon masallacin Zariya a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Sun yi aiki na gaske, ba na rage musu komai. Cikin 'yan gida akwai irin su Hamman Tukur Saad da ya yi digirinsa na uku kan yadda magina ke auna kyau a gini. Sai dai har yanzu 'yan gidan ba su kai yawan aikin ba. Kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda ya tashi da Hausa a baki zai zauna a zaure da magini har ya ji bambancin da yake nufi tsakanin ɗaurin guga da tulluwa, ba tare da tafinta ya tace masa rabin maganar ba. Mace kuma tana da ƙofar da babu Baturen da ya taɓa samu: za ta shiga cikin gida, ta zauna da matan da ke ɗinka huluna a birnin Zariya, ta ga jeren ɗaki, ta ji yadda fasalin ƙunshi ya sauya daga zamanin kaka zuwa na jika.

Wahalarsa fa? Tana da yawa. Aiki ne na ƙafa da kyamara. Dole ka je inda kayan suke, ka nemi izinin ɗaukar hoto daga fada ko daga hukuma ko daga magada, ka biya kuɗin mota, ka yi wa tsoho alheri don ya bar aikinsa ya zauna da kai. Kundin tarihin fasaha ba ya tsayuwa sai da hotuna masu kyau, bugunsu kuma kuɗi ne. Ga matsalar tsaro, wadda ba wasa ba ce: a Fabrairun 2017 aka sace biyu daga cikin Jamusawan da ke binciken Nok a yankin Janjala ta Kagarko, aka kashe mutanen gari biyu da suka bi sawu, kafin a sako su bayan 'yan kwanaki. Duk wanda zai ɗora kundinsa kan ƙauyukan da ba ya iya kwana a cikinsu, ya sake tunani tun kafin a amince da batun. Sannan akwai maganar shiga. Sassan zane sukan fi son wanda ya yi digirin farko a wajensu, don haka mai digirin Tarihi ko Hausa ya je da ƙafarsa ya tambaya kafin ya sayi fom. Wani lokaci ta sashen Tarihi, ko na binciken kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa, ko na tsara gine-gine ake shiga a yi aikin da a zahiri tarihin fasaha ne.

Akwai kuma tambayar da za a yi maka a gida, gara ka shirya mata: "Karatun gumaka za ka yi?" Ban ɗauki wannan tambaya da raini ba, domin daga kishin addini take fitowa. Amsata ita ce fagen yana da faɗi. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da mutum-mutumi ba, ga zayyanar Alƙur'ani, ga rubutun hannu na malamanmu da tarin littattafan da ke Gidan Arewa, cibiyar binciken tarihi da ke Kaduna, ga masallatai da riguna da rini da saƙa, aikin da zai ishe shi har ƙarshen rayuwarsa. Wanda kuma ya zaɓi Nok, nazarin abin da mutanen da suka gabata suka bari yake yi, ba bauta ba.

To, manufofin al'adu. Wannan fanni yana duba yadda hukuma da kuɗi da doka ke juya al'ada: me ake tallafa wa, me ake hanawa, me ake bari ya mutu, wa ke yanke hukuncin. Kayan aikinka a nan su ne dokoki, kasafin kuɗi, rahotannin kwamitoci, wasiƙun ofis, da hira da waɗanda suka riƙe muƙami. Najeriya tana da takardar manufar al'adu ta ƙasa tun 1988, zamanin Janar Babangida. Tana da dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi da wuraren tarihi, wadda ta hana sayarwa ko fitar da kayan tarihi ba da izini ba, ta kuma sa 1918 a matsayin ɗaya daga cikin ma'aunan abin da ake kira kayan tarihi. Akwai majalisar fasaha da al'adu ta ƙasa tun 1975, da cibiyar wayar da kai kan al'adu da gidan adana zane-zane na ƙasa, dukansu na 1993. A 2023 aka ware wa fasaha da al'adu ma'aikata ta kansu, aka naɗa Hannatu Musawa minista. Ka ga hukumomi ba su yi ƙaranci ba. Aikin mai bincike shi ne ya auna tazarar da ke tsakanin abin da takarda ta ce da abin da ke faruwa a ƙasa, ya kuma gano dalilin tazarar.

Misalai kuwa a ƙofar gida suke. A 1977, lokacin FESTAC, bikin fasaha da al'adun baƙar fata na duniya, Kaduna ce ta karɓi baƙuncin babban hawan daba, aka gina otal ɗin Durbar dominsa. A farkon 2020 aka rushe otal ɗin. Tsakanin waɗannan shekaru biyu akwai kundi guda cikakke kan yadda muke gina abin tunawa da yadda muke rasa shi. Gadar ƙarfe ta Lugard da aka ɗauko daga Zungeru aka kafa a lambun Gamji tana cikin jerin wuraren tarihi na ƙasa, amma tana tsaye ne a filin jiha, to wa ke da alhakin fenti da gyara? UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa bikin kamun kifi na Argungu a jerin al'adun duniya a 2016, ta sa hawan sallar Kano a ƙarshen 2024. Me wannan shiga jeri ya ƙara wa masunci ko maɗinkin kayan doki, ko kuwa kura ce da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi? Bikin Afan na Kagoro da ake yi ranar 1 ga Janairu, da Tuk Ham na Kwoi, da bikin littattafai da fasaha na Kaduna da aka fara a 2017, wanne gwamnati ke zuba wa kuɗi, bisa wane ma'auni, kuma me hakan ke faɗa game da zaman Kaduna ta kudu da ta arewa? Ga kuma dandalin shirya fina-finai da gwamnatin tarayya ta so ginawa a Kano a 2016, ta janye bayan malamai da jama'a sun nuna adawa. Wannan shi ne darasi mafi girma da na sani kan abin da ke faruwa idan an tsara manufa a Abuja ba a zauna da masu wurin ba.

Wannan fanni ya fi sauƙin kuɗi. Mazaunin Kaduna zai iya yin rabin aikinsa tsakanin gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke titin Yakubu Gowon da Gidan Arewa da ke titin Rabah, tsohon gidan Sardauna, inda fayil-fayil ɗin gwamnatin Jihar Arewa suke. Sauran rabin kuma jirgin ƙasa ne daga Rigasa zuwa Abuja. Ma'aikacin gwamnati ma zai iya haɗa shi da aikinsa. Amma wahalarsa tana ɓoye ne a bakin ƙofar ofis. Na taɓa yin sawu bakwai zuwa wani ofishi don neman kwafin rahoto guda ɗaya da aka buga da kuɗin jama'a. Yau a ce oga ya yi tafiya, gobe a ce mai makullin kabad ba ya nan, daga ƙarshe wani tsohon ma'aikaci da ya yi ritaya ne ya ba ni nasa daga gida. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 tana taimakawa, amma ba ta maye gurbin haƙuri da sanin mutane. Ga shi kuma ƙasar da kake tsaye a kai tana motsi: kana tsakiyar rubutu sai a haɗe ma'aikatu biyu, ko a sauya shugaban hukuma, babinka na uku ya tsufa kafin ka kare shi. Ita kanta sabuwar ma'aikatar al'adun an haɗe ta da ta yawon buɗe ido a 2024, shekara ɗaya kacal da kafa ta.

Wata matsalar ita ce fannin ba shi da ɗaki nasa a yawancin jami'o'inmu. Za ka same shi a laɓe a sashen wasan kwaikwayo, ko na harkokin mulki, ko kimiyyar siyasa, ko shari'a. Hakan na nufin malamin da zai duba aikinka yana iya zama gwani a mulki amma bai taɓa shiga ma'ajiyar gidan tarihi ba. Daga nan ake samun irin kundin da na fi jin takaicin karantawa: shafi ɗari biyu na rarraba takardar tambayoyi, a ƙare da cewa gwamnati ta ƙara kuɗi, a wayar da kan jama'a. Wannan kowa ya san shi tun kafin a fara. Kundin manufa mai amfani shi ne wanda ya kama doka ɗaya, ko hukuma ɗaya, ko biki ɗaya, ya bi kuɗin da hukuncin tun daga teburin da aka sa hannu har zuwa hannun maƙeri ko makaɗi.

Akwai inda fannonin biyu ke haɗuwa har ba a iya raba su. A shekarar 2000 aka baje wasu kayan Nok a gidan tarihi na Louvre da ke Faransa, waɗanda aka saya daga hannun wani dillali a Beljiyam, a daidai shekarar da majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan Nok a jerin waɗanda ake sacewa. Bayan ce-ce-ku-ce, a 2002 Faransa ta amince mallakar Najeriya ne, aka bar mata su aro na shekara 25. Don a kai ga wannan, sai da aka samu wanda zai kalli yumɓun ya tabbatar na Nok ne, aka kuma samu wanda ya san yarjejeniyar UNESCO ta 1970 kan hana fasa-ƙwaurin kayan tarihi da dokar Najeriya. Haka batun tagullan Benin da Ingila ta kwashe a 1897: Jamus ta miƙa mallakar sama da guda dubu a 2022, a 2023 Shugaba Buhari ya ayyana Oba na Benin a matsayin mai su, aka shiga muhawarar wa zai ajiye, wa zai nuna. Ranar da za a zo maganar kayan Arewa da ke Turai, riguna da littattafai da tutocin da aka ɗauka bayan yaƙe-yaƙen da Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato a 1903, su wa za su zauna mana a teburin?

Maganar aiki bayan karatu, gara a faɗe ta ba kwana-kwana. Ƙofar tarihin fasaha ƙuntatacciya ce: koyarwa a jami'a ko kwalejin ilimi, aiki a gidajen tarihi, shirya baje koli, da binciken asalin kaya wanda gidajen tarihin Turai suka fara nema saboda batun mayarwa. Guraben kaɗan ne, amma masu neman su ma kaɗan ne, Bahaushen da ya iya wannan aiki kuwa da yatsu ake ƙirga shi. Ƙofar manufofin al'adu ta fi faɗi: ma'aikatu, hukumomi, ƙungiyoyi masu zaman kansu, masu shirya bukukuwa, ofisoshin ƙasashen waje da ke tallafa wa fasaha. Sai dai a can za ka yi gogayya da lauyoyi da masana tattalin arziki da tsofaffin ma'aikata, kuma ba kullum ake tambayar digirinka ba. Ga wanda ya riga yake aiki a ma'aikatar al'adu ko gidan rediyo ko hukumar yawon buɗe ido, wannan digiri zai ƙara masa nauyi nan take. Ga wanda ba shi da ƙafa a ciki, digirin kaɗai ba ya buɗe ƙofa.

Masu hangen waje, akwai jami'o'in da suka haɗa fannonin biyu a inuwa ɗaya, kamar University College Dublin a ƙasar Ayalan, inda makaranta guda ke ɗauke da tarihin fasaha da manufofin al'adu, tana kuma ba da digirin bincike. A Ingila, SOAS ta Landan da Jami'ar East Anglia sun yi suna kan fasahar Afirka, Warwick kuma kan manufofin al'adu. Jami'ar Hildesheim ta Jamus ta yi haɗin gwiwa da Jami'ar Maiduguri da ta Cape Coast a Ghana kan al'adu da ci gaba. Game da kuɗi, tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya na digiri na biyu ne na shekara ɗaya, ba na dogon bincike ba. Na Commonwealth da na DAAD, hukumar tallafin karatu ta Jamus, su ne ke kai wa ga digiri na uku. TETFund kuwa, asusun tallafa wa manyan makarantu na Najeriya, na malaman manyan makarantun gwamnati ne kawai. Abin da na sani shi ne, a can ba a ɗaukar ɗalibin bincike sai wani malami ya karanta shawarar bincikensa ya ce zai duba. Kuma abin da zai sa ya amsa shi ne ka zo masa da abin da ba zai samu a ɗakin karatunsa ba, wato kayan gida da ka riga ka sani da idonka. Shi ya sa nake ganin digiri na biyu a Zariya, a kan batu ƙarami da aka yi wa aiki mai kyau, ya fi zama tsani zuwa waje fiye da gaggawar fita.

Ra'ayina, tun da an tambaye ni: taura biyu ba ta taunuwa, dole ɗaya ya zama gida, ɗayan maƙwabci. Ga matashin da bai fara aiki ba, mai haƙurin kallo da son zama da tsofaffi, ina karkata ga tarihin fasaha a digiri na biyu. Dalilina shi ne doka da kasafi ana iya koyonsu daga baya, takardun suna nan suna jira. Amma maginin da ya gaji aikin Babban Gwani da mai zanen atamfa na Kakuri ba za su jira ba, ido kuma da ƙuruciya ake horar da shi. Wanda ya san riga ko soro ciki da bai, idan ya juya ga manufa a digiri na uku, ya san abin da yake karewa. Wanda kuwa ya riga ya shekara biyar ko goma a ofis, ya ga yadda fayil ke tafiya da yadda yake maƙalewa, kada ya bar wannan sani ya tafi a banza, manufofin al'adu ne nasa, da sharaɗin ya zaɓi abu ɗaya tak ya bi shi har ƙasa, ya kuma riƙa fita daga ofis yana zuwa inda masu sana'ar suke.

Ita 'yar tawa, ban zaɓa mata ba. Na ce ta je gidan tarihi na ƙasa da ke titin Ali Akilu, wanda aka buɗe a 1975 a tsohon ginin jam'iyyar NPC, ta tsaya gaban abu ɗaya na tsawon awa guda, ba waya, ta rubuta shafi biyu kan abin da ta gani. Washegari kuma ta zauna da takardar manufar al'adu ta 1988, ta rubuta shafi biyu kan abin da aka yi alkawari da abin da ta gani an cika a Kaduna. Bayan mako guda ta dawo. Na takardar manufar shafi ɗaya da rabi ne, tsaf, ba kuskure. Na gidan tarihin ya kai shafi biyar, duk a kan wata tsohuwar riga, rabinsa tambayoyi ne.

"Kawu, ka san wani mai ɗinkin hannu a birnin Zariya da zai yarda in zauna in ga yadda ake fitar da aska?"

Na ce mata na san wanda zai kai mu, ta shirya ranar Asabar da sassafe, ta kuma taho da goro.